Sifikun Baba da Alƙalinsu

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Ruwan jiya ya samu hanya ta rufin ɗakin Baba. Da safe na ga danshi ya sauko ta bangon waje, ba yadda na iya, na nemo mukulli. Tun da aka raba gado bara ban sake shiga ba, wucewa nake ta ƙofar kamar ba a gidanmu take ba. Warin ɗakin na nan yadda yake, turarensa da man zafi. Na naɗe tabarma, na kafa bokiti a inda yake ɗiga.

Sifikun nan biyu suna tsaye a inda ya bar su, kowacce a kan ƙafarta ta ƙarfe, suna kallon bango kamar yaran da na sa horo a aji. Su ne rabona, da amfilifaya da rikodar kaset. A wajen wani Bature da zai bar Damagaram ya saye su, lokacin Baba yana aikin allurar dabbobi a Maigatari, ni ko yaye ni ba a yi ba. Ya fi goge su a kan babur ɗinsa. Ni kuwa da ko rediyo ba na kunnawa, su ne malamin rabon gado ya ga sun dace da ni.

A ƙarƙashin gado na samu kwalin kaset-kaset ɗinsa na Sallah. Kowace ƙaramar Sallah kafin a tafi idi sai ya tara mu, ya danna jan maɓalli, ya yi addu'a, ya kira sunan kowa, kowa ya matso ya gaida kaset. Yawancinsu danshi ya cinye, zaren ya manne. Ɗaya na gani da sauran rai, na zura biro na juya, ya juyu.

Inna ta gan ni da mukulli ta ce, “Malam ya dawo?” Na ce yana Maigatari. Haka nake ce mata tun da mantuwa ta kama ta. Da farko gaskiya nake faɗa mata, kullum sai ta yi sabon kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Na daina.

Lahadi, 6 ga Yuli

Wani abu ya same ni ina wanke-wanke. Na so in tuna yadda Baba yake kiran sunana, sai na ga na kasa. Fuskarsa na nan, tafiyarsa, yadda yake hura shayi. Maganganunsa ma na riƙe su kalma-kalma, amma da muryata nake jin su. Tasa ta tafi, ban ma san ranar da ta tafi ba.

Ni da na baro Kaduna da aurena ya mutu na dawo na zauna a kansa. Ni da na yi jinyarsa har ƙarshe. Abin ya ba ni tsoro ƙwarai, har na bar kwanukan a cikin ruwa.

Talata, 8 ga Yuli

Ɗanjuma mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya zo bayan na taso daga makaranta. Ya buɗe rikoda, ya ce bel ɗin ya narke, ya sa wani. Da ya dubi sifikun sai ya kwashe da dariya. “Malama, wa ya ajiye muku su a baibai? Ga bakuna birjik an haɗa su da bango.” Gaskiyarsa kuma, kowacce ƙananan bakuna ne cike da gefen da ke kallon bango, wanda ke kallon ɗaki baki ɗaya ne tak. Kafin in ce wani abu ya juyo su suna kallonmu.

Aka yi sa'a akwai wuta. Ya danna.

Na zata zan yi kuka, har na tanadi gefen mayafi. Abin da ya fito wata 'yar murya ce siririya, ba ƙirji, kamar mai magana ta hanci a cikin gwangwani. Addu'ar Baba ce, jerin kalmominsa ne, har da “to, madalla” ɗin nan nasa. “Ina Dogo? Zo ka gaida kaset. Ina Zakiyya?” Yayana da ni ke nan. Amma mai faɗar ƙanƙanin mutum ne, gajiyayye, numfashi bai ishe shi ba. Tsigar jikina ta tashi. Na ce a kashe.

Ɗanjuma ya ce kaset ɗin ne ya tsufa. Na ce Babana ba haka yake magana ba. Ya ce to, irin “to” ɗin da ake yi wa mai zaman makoki.

Laraba, 9 ga Yuli

Da safe na sake kunnawa in ji ko jiya kunnena ne. Yana tsakiyar addu'a aka ɗauke wuta, ni kuma na makara, na kulle ɗakin na fita na bar maɓallin a danne.

Bayan azahar muna tsakar gida ni da Inna, ina tsinke zogale, aka kawo wuta. Sai murya daga ɗakin da ke kulle: “Ina Zakiyya?” Tiren ya suɓuce min, zogale ya watse a ƙasa.

Inna ko gezau. Ta ɗaga kai ta saurara, ta haɗe rai. “Wane ne wannan a ɗakin Malam? Wa ya ba shi izini? Ki ce ya fita kafin mai ɗakin ya dawo.” Na ce rediyo ne. Ta ce, “Ko ma wane ne, ba shi da lafiya. A ba shi ruwa ya tafi.”

Har yamma tana leƙen ƙofar. Ta ƙi cin tuwo, wai akwai baƙo a gida ba a san daga inda yake ba.

Ni kuwa, Allah ya yafe min, wani sashe na raina sanyi ya yi. Inna ta manta sunan unguwarmu, amma ta san ba shi ba ne. Ashe ba ni ce na zautu ba.

Juma'a, 11 ga Yuli

Muryar ta biyo ni makaranta. Ina rubutu a allo na ji “ina Zakiyya” da siririyar nan, har na waiwaya, yara suna kallona. Gurbin da ya zama fanko a kaina ta samu ta shige. Idan ta daɗe a ciki ita za ta zama Baba a wajena har in mutu. Ba zan yarda ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ina goge saman amfilifaya na ga shatin wani abu mai kusurwa huɗu, wajen da katakon bai dushe ba. Nan take na tuna. Akwai ɗan akwati falle da ke zama a nan, gefensa katako, maɓallai biyu masu zamewa, da 'yar jar fitila. Baba alƙali yake kiransa. Ko da wasa ba ya barin a kunna sifikun sai ya ga jar fitilar ta kama. Yakan nuna su da haɓa ya ce, “Waɗannan biyun ba sa faɗin gaskiya sai a gaban alƙali.” Muna yara mu yi ta dariya, ba mu san me yake nufi ba.

Kuma ba a baibai suke ba! Da gangan yake juya su. Na taɓa tambayarsa ya ce da bango suke magana, bango ne ke faɗa mana. Ga ma shatin ƙafafunsu nan a siminti, kamar kamu ɗaya da rabi daga bango.

Na birkice ɗakin kaf. Alƙali ba ya nan.

Litinin, 14 ga Yuli

Na biya shagon Ɗanjuma na kwatanta masa. Ya ce, “Ikwalaiza kike nufi. Malama, wannan ai ƙawa ce kawai. Ga bes ga tirebul a jikin amfilifaya, me kuma ake nema?” Har ya rufe shago ya biyo ni don ya nuna min. Ya murɗa bes har ƙarshe. Marar lafiyar nan dai shi ne, sai dai yanzu kamar ya zura kansa a randa.

Ya sosa ƙeya. Ya ce in na matsa in je Maigatari ranar kasuwa in sayi wata, duk ikwalaiza ikwalaiza ce. Na ce ai duk tabarau ma tabarau ne, ya ari na kakarsa ya sa mu gani. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Mutumin kirki ne, sai taurin kai. Ban san wanda ya fi wani ba tsakanina da shi.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na nemi izini na tafi Maigatari. Laka har idon sawu, manyan motoci sun toshe hanya, 'yan acaɓa na ratsawa ta ƙarƙashin wuyan raƙuma. Na bi layin masu tsofaffin kayan wuta rumfa-rumfa ina kwatance da hannu kamar mai cigiyar ɗa. Falle ne, gefensa katako, jar fitila. Kowa ya girgiza kai.

Wani ɗan Damagaram ya ce, “Madam, irin wannan sai dai a gidan mamaci.” Bai san abin da ya faɗa ba. Ya ɗauko min wata ta mota, doguwa, maɓallai a jere kamar haƙoran mataji, ya ce ta fi ta Bature, garanti ne. Ya ƙara min waya wai kado, kyauta ke nan a bakinsu. Na saya, don kada in dawo hannu biyu.

A bakin kara na tsaya shan ruwa, wani tsohon dillalin shanu ya ƙura min ido ya ce 'yar wace ce. Na ce Malam Habibullah na Gumel. Ya miƙe tsaye. “Mai allurar shanu? Allahu akbar. Mutumin da in ya yi magana a wannan ƙarshen kara ana ji a wancan! In ya ce ‘a riƙe shi’, sa da kansa yake tsayawa.” Ya yi masa addu'a mai tsawo.

Na yi godiya na taho. A mota na ji haushin tsohon, ba laifinsa. Dillalin shanu yana riƙe da abin da ni 'yar cikinsa na rasa.

Juma'a, 18 ga Yuli

Ɗanjuma ya jona ta motar. Fitilu kore da ja suka hau rawa kamar motar amarya. Na sallame shi na zauna ni kaɗai ina tura maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

Da na sani ban yi ba. Duk maɓallin da na tura sai wani mutum dabam ya fito. Wani mai mura, wani mai kaushi, wani kamar ɗan kama a dandali, kowa yana cewa “ina Zakiyya”. Ɗakin ya cika da maza ban san ko ɗaya ba. Can na gane abin da ya fi komai tsoratar da ni: ko da na dace da shi a cikinsu, ba zan gane shi ba. Sai wani ya faɗa min.

Na cire ta na mayar a ledarta.

Asabar, 19 ga Yuli

Na kira Yaya Dogo a Ɗanzomo. Yana gona, ina jin ƙarar fartanya. Na kwatanta masa akwatin.

“Au, sitabilaizar nan? Ai ba ta aiki. Ko wajen jona firji ba ta da shi.”

Sitabilaiza! Na kusa jefar da wayar. Ashe ranar rabo da aka fito da kaya tsakar gida, an ga ɗan akwati mai waya da fitila, a ƙasar da kowane ɗan akwati mai waya da fitila sitabilaiza ne, sai aka haɗa shi da firji da fanka aka ba Yaya. Manyan mutane da gemunansu sun zauna sun raba abu ɗaya gida biyu, kowa ya shafa fatiha ya tashi. Ni ma ina wajen, ina bayan labule ina kuka, ban ga komai ba.

Na ce ina yake. Ya ce ya ba Ubale, ƙanin matarsa, mai shagon cajin waya a Gagarawa Tasha, ko zai iya tayar da ita. Na faɗa masa maganganu. Ya bari na gama ya ce, “Ke dai Malama, komai sai kin mai da shi jarrabawa. Muryar Baba ai muryar Baba ce. Bari in gama maimai zan karɓo miki.”

Laraba, 23 ga Yuli

Yaya shiru.

Lahadi, 27 ga Yuli

Inna zazzaɓi tun Juma'a. An yi mata allura, ya sauka, amma ya tafi da wani abu. Yau ina ba ta kunu ta dube ni ta ce, “Asama'u, yaushe kika zo?” Asama'u ƙanwarta ce, ta rasu ina firamare. Na ce ɗazu.

Ta daina tambaya ko Malam ya dawo. Da tambayar tana gundurata, yanzu kunne nake kasawa in ji ta. Idan shi ma ya fita daga kanta, wa zai saurara ya ce min wannan ce muryar ko ba ita ba? Yaya dai ba na jin zai bambance muryar Baba da ta mai tallan kalanzir.

Talata, 29 ga Yuli

Ban kunna komai ba tun ranar ta motar. Ɗakin a kulle. Duk da haka in na zo wucewa sai na ji kamar ana shirin kiran sunana, irin jan numfashin nan kafin magana. Na koma bi ta bayan rijiya.

Asabar, 2 ga Agusta

Ban jira Yaya ba, na shiga motar Gagarawa. Gero ya kai ƙirji, ridi ya yi shar, ni ko kallonsu ban yi da daɗi ba.

Shagon Ubale rumfar kwano ce a bakin titi, wayoyi a jere a kan katako kowacce da lambarta. Ya tarbe ni da “Yaya, sannu da hanya”, ya aika a kawo lemo. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin tebur. Yana can. Ya ɗora jonin wuta a kansa don kada ruwan da ke shigowa ya taɓa. Alƙalin Baba ya zama matashin soket.

Ya jawo shi ya goge da hannun riga. Zanzaro ya yi gini a ramukan baya, katakon gefe ɗaya ya kumbura. Ubale ya ce, “Wallahi Yaya na buɗe ta na ga ba tiransifoma ta kirki, na ce wannan sitabilaizar wasa ce. Da na san ta Baba ce ta musamman...” Na ce ba komai. Da gaske nake, faɗan da na taho da shi duk ya zube da na ga 'yar jar fitilar, ko da a mace take.

Na naɗe shi da mayafi na ɗora a cinya har Gumel. Matar da ke kusa da ni ta ce ko jariri ne. Na ce tsoho ne.

Litinin, 4 ga Agusta

Ɗanjuma ya kwance shi a gabana, ya kakkaɓe ginin zanzaro da buroshi. Ya daɗe yana bin wayoyin da ido, ba dariya yau. Ya ce waɗansu 'yan kayan ciki sun kumbura, sai an kawo daga Kano.

Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Wannan ba irin wadda na sani ba ce. Ba ta wasa da sauti ba ce. Kin ga bakunan nan ƙanana ne, ba za su iya kai murya ƙasa ba, ba za su iya kai ta sama ba, tsakiya kawai suke iyawa. Wannan ne ke ɗago musu abin da suka gaza, daidai gwargwadonsu. Tare aka yi su.” Na ce ashe ba ƙawa ba ce. Ya ce, “Malama, a bar tone-tone.”

Asabar, 9 ga Agusta

Kayan Kano ba su zo ba. Inna kunu kawai take sha, shi ma sai da lallashi. Yau ko Asama'u ba ta kira ni ba.

Lahadi, 17 ga Agusta

Bari in rubuta tun yana sabo.

Ɗanjuma ya kawo shi da hantsi. Yaya Dogo ma ya faɗo ba sanarwa, da ɗanyar masara a bayan babur, wai ya zo ya ga sitabilaizar da ta hana shi sakat. Ba wuta, ya aro janareton maƙwabta aka ajiye can a zaure don ƙara. Na sa suka mayar da sifikun kan shatinsu, bakuna na kallon bango. Ɗanjuma ya jona, jar fitila ta kama. Ni na danna.

Ba daga sifikun ta fito ba. Daga bango ta fito, bangon gaba ɗaya, kamar mutumin yana tsaye a bayan farar ƙasar. Babbar murya, mai ƙirji, da dariya kwance a ƙarƙashinta. Na ji ta a tafin ƙafata. Har abubuwan da da ba a ji suka fito, zakara, ƙarar bokiti a rijiya, wata mace can nesa tana cewa ku yi sauri za a tayar da salla. Inna ce, tana yarinya.

“Ina Dogo? Zo ka gaida kaset.”

Yaya ya zame ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum mai furfura, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Na ji yana cewa shi ne, wallahi shi ne. Ɗanjuma ya sulale waje.

Sai ga Inna a bakin ƙofa. Matar da sai an ɗaga ta, ta taho da kanta tana dafa bango. Ta tsaya ba ta shigo ba, kamar yadda take yi in yana da baƙi. Ta gyara ɗankwali, ta sunkuyar da kai. “Sannu da zuwa, Malam. An sha hanya.” Ta juyo gare ni, idonta tar. “Zakiyya, kin tsaya kallo? Ki kawo masa ruwa.”

Ta kira sunana. Na je na ɗebo ruwan, na ajiye a gaban bango, me zan yi?

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Duk wannan lokacin ina tsaye ina jira abin ya zo min, bai zo ba. Kyakkyawar murya ce. Na yarda tasa ce, shaidu biyu sun tabbatar. Amma da ya ce “ina Zakiyya”, wata yarinya ce ta amsa a kaset, ni ban ji an kira ni ba. Mutumin nan ban san shi ba. Ko shekaruna na yanzu bai kai ba.

Litinin, 18 ga Agusta

Na wuni ina juya abin. Ina da shekara ashirin aka kai ni Kaduna. Daga nan Babana a waya yake, kowace Juma'a bayan masallaci, 'yar murya a cikin kunne. Da na dawo kuma ciwon ya riga ya cinye masa ƙirji. In yana son ruwa sai na kai kunnena bakinsa. Ta hanci, a gajiye, numfashi bai ishe shi ba.

Ashe shi ya sa tsigar jikina ta tashi ranar farko. Ba don baƙuwa ce ba.

Ba na son wannan tunanin. Na sha laka a Maigatari, na zagi yayana, don in kori muryar da... Bari dai. Gobe akwai aiki.

Juma'a, 22 ga Agusta

Inna ta ci tuwo, har da neman ƙari. Sharaɗinta a kunna Malam tukuna. Tana zama a kan tabarma a bakin ƙofarsa, ya yi addu'a ta ce amin, ya kira yara ta ce ga su nan zuwa. In kaset ya ƙare ta ce ya shiga hutawa, a yi shiru. Ba ta taɓa tambaya me ya sa ba ya fitowa ba. Na sa Ɗanjuma ya kwafe shi a wani sabon kaset kafin wannan ya tsinke.

Ina murna. Ina murna mana. Sai dai in tana hira da shi ni ce baƙuwar gidan, sai in ɗauki tsintsiya in nemi abin sharewa.

Laraba, 27 ga Agusta

Ɗanjuma ya kawo kwafin. Yanzu shi ne mai wa'azin alƙali, wai ya faɗa wa duk masu gyara na kasuwa cewa irin sifikun nan in ba akwatinsu gara a zuba gero a ciki. Na ce sannu, sabon tuba.

Kafin ya tafi ya nuna min wani maɓalli a jikin amfilifaya. Ya ce in kula da shi wajen goge-goge. A danne, sauti na bi ta alƙali. In ya fito, sautin ya tsallake shi, marar lafiyar nan zai dawo, Inna ta tsorata. Na ce in sha Allahu ba abin da zai taɓa shi.

Asabar, 6 ga Satumba

Yaya ya turo gyaɗa sabuwar cira. Wanki, guga, na wanke wa Inna kai na yi mata kitso biyu. Ta ci dambu sosai. Bayan azahar barci ya ɗauke ta.

Akwai wuta. Na shiga goge ƙura, na tura ƙofa, na rage sauti can ƙasa. Na fito da maɓallin, don dai in tabbatar wanne ne, kada wata rana in taɓa shi bisa kuskure. Sai da na matso da kunnena sosai kafin in ji.

Ya ce ina Zakiyya. Na ce ga ni, Baba.

Na bar shi har ƙarshe. Kafin Inna ta tashi na mayar da maɓallin yadda yake.